Malaman Sa Kai: Tsakanin Allo Da Bakin Teku

Duk mai zaman majalisar bayan magariba a garin Gombe, ko a Jekadafari ne, ko Bolari, ko Herwagana, ko Pantami, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin hoton nan ba. Wani zai zaro waya daga aljihu ya miƙa wa na kusa da shi, shi kuma ya miƙa gaba, har ta zagaye tabarma. Cikin hoton ga wani malamin makaranta wanda kowa ya sani a unguwa, wanda bara warhaka yake tura tsohon babur ɗinsa zuwa wurin mai faci, yau ga shi tsaye bisa farin rairayi, ya naɗe ƙafar wando, ruwa ya shimfiɗu a bayansa iyakar ganin ido. In aka tambaya sai a ce ai yana Gambiya, ko Zanzibar, Gwamnatin Tarayya ta aika da shi koyarwa ta sa kai har shekara biyu.

Nan da nan majalisa takan rabu biyu. Samari su ce, "Kai, Malam ya haye! Allah Ya ba mu irin tasa sa'ar." Dattijo kuwa, musamman wanda ya tsufa da alli a hannu, sai ya gyara zama ya ce, "Yara, ku daina ruɗin kanku. Aiki aka tura shi ko shan iska? Ga ajinsa can an haɗa shi da na wani, yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, shi kuwa yana can yana wasa da ruwa." Wani saurayi ya ce, "Allah gafarta Malam, to don mutum yana koyarwa sai a hana shi hutun Asabar?" Haka za a yi ta ja-in-ja har a kira isha'i.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma dukansu hoton ranar Asabar suke yi wa hukunci. Abin da ke faruwa ran Litinin da safe, sa'ad da aka kaɗa ƙararrawa yara suka shiga aji, ba a cika aiko da hotonsa ba, alhali kuwa a nan ne ya kamata a auna malami, a kuma auna shirin da ya kai shi. Maganar ta cancanci a tsaya a kanta, domin kuɗin jama'a ake kashewa, kuma 'ya'yan mutane ne a gaban allo, can da nan.

BAƘIN DA SUKA RIGA ZUWA

Mutanen wannan yanki sun san malamin sa kai tun kafin su ga nasu ya fita. Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai cikin 1960, makarantun sakandare a Jihar Arewa 'yan ƙalilan ne, malamai 'yan ƙasa masu digiri kuwa sun fi makarantun ƙaranci. Cikin wannan hali ne ƙungiyoyin sa kai na ƙasashen Turawa suka shigo. Ta Ingila, mai suna VSO, Alec Dickson da matarsa Mora ne suka kafa ta cikin 1958. Ta Amurka, wato Peace Corps, Shugaba John Kennedy ya sa hannu kan umurnin kafa ta ran 1 ga Maris 1961, ta Kanada kuma, CUSO, ta biyo baya cikin wannan shekara. Yawancinsu samari ne da 'yan mata waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba, aka rarraba su makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai, har da na Lardin Bauchi, wanda Gombe take cikinsa a zamanin.

Su ma suna da nasu hutun. Da yake babu teku a nan, in ƙarshen mako ya zo sai su nufi Yankari, wadda aka buɗe wa masu ziyara cikin 1962, su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, ko su haura Jos su sha sanyi. In dogon hutu ya zo, ga jirgin ƙasa ya iso Gombe cikin 1963, sai su gangara Kudu, wasu har bakin teku a Ikko. Amma tsofaffin ɗalibansu, waɗanda yau furfura ta cika musu kai, in suna ba da labarin waɗannan baƙi, da wuya a ji sun ambaci inda suke zuwa hutu. Abin da ya zauna musu a rai shi ne wane ne yake duba littafin kowane yaro da jan biro, wane ne ya koyi Hausa har yana ciniki a kasuwa, wane ne ya tara littattafai a wani ɗan ɗaki ya mai da shi laburare. Haka kuma ba su manta da wanda ya shekara biyu bai taɓa taka zauren ɗan gari ba, daga aji sai kulob ɗin Turawa.

Akwai wani darasi kuma da aka koya tun da fari. Cikin watan Oktoba 1961, ayarin farko na 'yan Peace Corps yana karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani abokinta na Amurka kati marar ambulan, ta bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a titunan garin. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka kwafe shi aka rarraba, aka yi zanga-zanga, jaridun duniya suka ɗauka, ala tilas yarinyar ta bar ƙasar. Kati guda ya kusa rushe shirin tun yana jariri. A wancan lokaci sai takarda ta ɓace kafin asiri ya tonu. Yau kuwa kowane malami da Nijeriya ta aika waje yana ɗauke da irin wannan kati a aljihunsa, domin da zarar ya sa hoto ko magana a Facebook, iyayen ɗalibansa na can suna gani kamar yadda 'yan uwansa na Gombe suke gani.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa 'yan sa kai na Amurka suka ragu ƙwarai. Da kuɗin man fetur ya samu, aka kuma ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE cikin 1976, sai gwamnatoci suka koma ɗauko malaman kwantaragi daga Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Ghana. Waɗannan albashi suka zo nema, saboda haka da farashin mai ya faɗi aka shiga tsuke bakin aljihu daga 1982, sai suka yi ta tattara nasu-ya-nasu suna komawa gida.

KIƊA YA JUYA

Cikin 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Bolaji Akinyemi yana Ministan Harkokin Waje, aka kafa shirin aika ƙwararrun Nijeriya su taimaki ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da na tekun Fasifik, wanda aka fi sani da TAC. Doka mai lamba 27 ta 1993 ta ba shi gindin zama. Dalilin kafa shi a bayyane yake. Kafin lokacin, in wata ƙasa ta zo neman taimako, kuɗi akan ba ta, kuɗin nan kuwa sau da yawa talakan ƙasar ba ya ko jin labarinsa. Aka ga gara a aika da mutum, malami ko likita ko nas ko injiniya ko lauya, wanda jama'a za su gani da idonsu, su san daga inda ya fito.

Tsarin shi ne, ƙasar da ke bukata ita ke rubutowa ta faɗi irin ma'aikatan da take so. Hukumar TAC, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ta yi sanarwa, ta tantance masu nema, ta yi musu bita. Nijeriya ce ke biyan kuɗin jirgi da alawus da dalar Amurka, ƙasar da ta karɓi baƙo kuma ta ba shi masauki. Wa'adin shekara biyu ne. A kan wannan tsari 'yan Nijeriya sun yi aiki a Gambiya da Saliyo da Laberiya da Yuganda da Zanzibar da Namibiya, har can Jamaika da Beliz da Fiji. Cikin 2023 aka naɗa Yusuf Buba Yakub, ɗan Jihar Adamawa, maƙwabciyar Gombe, ya shugabanci hukumar.

Tafiya don ilmi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe da Bafillace. Wangarawa daga Mali suka zo Kano da littattafansu zamanin Sarki Yaji, Shehu Maghili kuma ya zo zamanin Muhammadu Rumfa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya tafi Salaga, daga baya ya zauna Kete-Krachi a ƙasar Ghana ta yau, yana karantarwa har ya rasu cikin 1934, almajiransa suka watsu zango-zango. Modibbo Buba Yero da kansa, wanda ya kafa masarautar Gombe, sai da ya bar gida ya je wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya komo da tuta. Bambancin da ke akwai shi ne malaman dauri ba su da alawus na dala.

Batun dalar nan bai kamata a ɓoye shi ba. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, in ya ji ana biya da dala, ba sai an yi masa wa'azin kishin Afirka ba kafin ya cika fom. Wannan ba abin kunya ba ne. Mutum ya fita ya yi aikin halal, ya komo ya gina ɗaki biyu a Tunfure ko ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, ai sai sambarka. Sai dai kalmar nan ta "sa kai" tana da nauyi, kuma ƙasar da ta karɓe shi da wannan suna ta karɓe shi.

ABIN DA HOTO BA YA NUNAWA

A ɗauki Gambiya misali, tun da tana cikin ƙasashen da suka daɗe suna karɓar malaman Nijeriya. Ƙaramar ƙasa ce siririya wadda ta bi gaɓar kogin Gambiya hagu da dama, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina sai ta yamma, inda take da bakin teku wajen kilomita 80. Ta sami mulkin kai daga Ingila ran 18 ga Fabrairu 1965. Ɗalibanta jarrabawar WAEC suke zaunawa, irin wadda yaran Gombe ke yi, saboda haka malamin lissafi ko kimiyya daga nan ba zai tarar da baƙuwar manhaja ba. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, noman gyaɗa ne ƙashin bayan karkararta, akwai kuma Fulani da yawa, har Bafillacen Gombe kan tsinci kalmomi cikin maganarsu ko da kari ya bambanta. Shugaban farko na Jami'ar Gambiya, wadda aka kafa cikin 1999, Farfesa Donald Ekong, ɗan Nijeriya ne.

Mutumin da ya tashi a Gombe, babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Dadin Kowa ko ta Balanga, tsakaninsa da Ikko kuwa akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000. Ranar da irin wannan mutum ya fara tsayawa gaban tekun Atilantika rana ce da ba zai manta ba. Babu mai hankalin da zai zarge shi don ya tsaya ya yi tasbihi, ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana ya ji gishiri, ya ɗauki hoto ya aika wa mahaifiyarsa. Malamin labarin ƙasa da ya shekara goma yana zana igiyar ruwa a allo bai taɓa ganinta ba, in ya ga yadda teku ke cika ya janye sau biyu a rana, ya ga masuntan Tanji suna jawo kwale-kwale suna bandar kifi, ya ƙaru da abin da littafi bai ba shi ba. Gani ya kori ji. Kuma wanda ya yi kwana biyar yana fama da aji, ga kewar iyali, ga abincin da bai saba da shi ba, yana da hakkin ya huta ran Asabar.

Amma bakin tekun Gambiya yana da wata fuska wadda malami ya fi kowa cancantar ya gane ta. Tun 1965, da Turawan Suwidin suka fara zuwa shan rana lokacin sanyin ƙasarsu, otal-otal suka yi ta tsirowa a Bakau da Kotu da Kololi, yawon buɗe ido ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasar. Tare da shi aka sami samarin da can ake kira "bomsta", masu bin Turawa a kan rairayi suna neman a ba su wani abu, ko a aure su, ko a fitar da su Turai. Da yawansu makaranta suka bari. Yaron da ya ga ɗan unguwarsu ya samu a yini guda abin da malaminsa ba ya samu a mako, da wuya a shawo kansa ya zauna koyon lissafi. Wato rairayin nan da malamin Gombe yake hutawa a kai, kishiyar ajinsa ne. In ya je da idon malami, yana iya cin karo da yaron da ya nema a aji ran Alhamis bai gani ba, ya kira shi gefe ya yi masa nasiha, ya tambayi gidansu. In kuwa ya je da idon ɗan yawon buɗe ido, yaron zai gan shi cikin masu sheƙe ayarsu, ya ƙara sakankancewa daɗin duniya a bakin ruwa yake.

Sa'an nan ba dukan makarantun ƙasar ne ke kusa da teku ba. Akwai na can ciki, irin su Armitage da ke Janjanbure, wadda Turawa suka kafa cikin 1927 domin 'ya'yan sarakuna, da na Basse, fiye da kilomita 300 daga Banjul, inda zafin bazara ba shi da maraba da na Nafada ko Dukku. A irin waɗannan wurare aka fi ƙarancin malamai, nan ne kuma ba a cika son zuwa ba. Haka abin yake a Zanzibar, inda tsibirin Unguja mai otal-otal ya fi jan hankali, Pemba mai gonakin kanumfari kuwa sai wanda ya daure. Malamin da ya sauka Banjul ya fara bin ofis-ofis yana kamun ƙafa kada a tura shi karkara, ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi. Wanda aka tura karkara ya tafi, ba ya ganin teku sai ƙarshen zangon karatu, shi ne hotonsa ba ya zagaya majalisun Gombe, alhali shi ya fi cancantar a yi maganarsa.

GIDA BAI ƘOSHI BA

Saura maganar dattijon majalisa, wadda ita ce mafi nauyi: gida bai ƙoshi ba, yaya za a kai wa dawa? Cikin 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta yara da matasan Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun kai wajen miliyan 20, kowa kuwa ya san Arewa maso Gabas tana cikin inda abin ya fi tsanani. Cikin 2019 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Gombe, abin da ke nuna hukuma da kanta ta yarda akwai gyara. Ƙwararren malamin kimiyya ba a tsintarsa a kan hanya, kuma irinsa ne ƙasashen waje suke roƙo. In ya tafi ba a aiko da madadinsa ba, yaran Deba ko Kumo ko Bajoga su ne za su biya bashin a ɗakin jarrabawa.

Duk da haka, in aka duba da kyau, ba shirin TAC ne ya kwashe malaman Gombe ba. Waɗanda yake ɗauka, in aka raba su jiha-jiha, 'yan kaɗan ne. Waɗanda suka ajiye alli suka koma kasuwa, ko tuƙa Keke Napep, ko bin 'yan siyasa, sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma ba teku ne ya ja su ba. Jihar da ke da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha tun 1977, da Jami'ar Jiha tun 2004, ga ta Tarayya a Kashere tun 2011, ga Kwalejin Ilmi a Billiri, ba ta rasa masu takardar koyarwa ba. Wuyar aikin ita ce ɗaukarsu a kan kari, da biyansu abin da zai riƙe su. Malamin da ya tafi Gambiya wa'adi gare shi, zai komo. Wanda talauci ya kora daga aji ba shi da ranar dawowa.

Babbar asara takan auku ne bayan an komo. Mutum ya shekara biyu a wata ƙasa, ya ga yadda ake tafiyar da makaranta da ɗan abin da ke hannu, ya koyar da yaran da ba sa jin harshensa, ya koyi haƙuri da dabara. Ya sauka filin jirgin sama na Lawanti, 'yan uwa su tarye shi, a ci tsaraba, shi ke nan. Ba a cika jin an kira irinsa an ce ya zauna da 'yan uwansa malamai ya faɗa musu abin da ya gano ba. In kuma ya tarar an tsallake shi wajen ƙarin girma saboda ba ya nan, sai ya fara neman hanyar sake fita, wannan karon ba da niyyar dawowa ba.

'YAN SA KAI NA MAKO BIYU

Yana da kyau a san inda hanyar take kaiwa in aka bar hutu ya rinjayi aiki, domin an gani a wasu wurare. A Turai da Amurka da Ostareliya akwai kamfanoni masu sayar da aikin sa kai kamar yadda ake sayar da tikitin yawon shaƙatawa. Yaro ya gama sakandare, iyayensa su biya kuɗi mai yawa, a kai shi Tailan ko Kambodiya ko Ghana da sunan koyar da Turanci na mako biyu ko wata guda, a tallar kuwa abin da aka fi nunawa shi ne rairayi da itatuwan kwakwa na ƙarshen mako. Ba shi da horon koyarwa, bai san manhajar ƙasar ba, kafin ya riƙe sunayen yara ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga baƙaƙe da sunayen launuka. Abin ya kai ana cika wasu gidajen marayu da yaran da iyayensu ke raye, don kawai a jawo irin waɗannan baƙi da kuɗinsu, har cikin 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta lasafta wannan cikin ire-iren bautar zamani.

Shirin Nijeriya ya yi wa wannan fintinkau, domin ƙwararru yake aikawa, ƙasar ce ta roƙa da bakinta, kuma shekara biyu ta isa malami ya ɗauki aji ya kai shi jarrabawa. Wannan fifiko ne ya kamata a tsare. Duk ranar da zaɓen masu tafiya ya koma wa-ka-sani, aka fara ba ɗan wane gurbi don ya je ya huta, to an kama hanyar waɗancan kamfanoni, sai dai can iyayen yaro ke biya, nan kuwa baitulmali.

ABIN DA YA KAMATA

Gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Da farko, Ma'aikatar Ilmi ta Jiha da Hukumar Ilmin Bai Ɗaya su san adadin malamansu da ke waje da makarantun da suka bari, kada kuma a sa hannu a takardar sakin malami sai an san wanda zai riƙe ajinsa. Ga masu NCE da digiri suna zaune a gida, ga 'yan hidimar ƙasa ana turowa kowace shekara tun da aka kafa shirinsu cikin 1973. Na biyu, wanda ya komo a ba shi hakkinsa na ƙarin girma ba tare da wahalarwa ba, a kuma ɗora masa nauyin horar da wasu, ko da bitar mako guda ce lokacin dogon hutu. Na uku, Hukumar TAC ta riƙa bayyana wa jama'a sakamakon aikin, kada a tsaya kan hotunan bikin ban kwana a Abuja: makarantu nawa aka kai wa malamai, ɗalibai nawa, yaya jarrabawarsu ta kasance kafin zuwan malaman Nijeriya da bayan zuwansu. Wanda ya biya kuɗin jirgi yana da hakkin ya sani.

Shi kuma malamin da Allah Ya ba wannan dama, ya tuna baƙo raɓa ne, ko ba daɗe ko ba jima zai tafi, abin da ya bari shi ke zama. Abin da ya aikata a can da sunan Nijeriya ake rubuta shi, a lokacin da sunan yake bukatar masu wanke shi. Ya je teku ran Asabar, ya ci kifi, ya huta, amma ya tabbata ya duba littattafan yara kafin ya fita, ran Litinin kuma ƙararrawa ta same shi a bakin aji. Ya koyi gaisuwa da Mandinka ko Wolof ko Suwahili, ya shiga gidajen ɗalibansa, ya halarci suna da jana'iza, ya kiyaye abin da yake rubutawa game da mutanen da suka ba shi masauki. In zai aiko da hoto gida, ya haɗa da na ajin.

'Yan majalisa su ma akwai nasu aikin. In Malam ya dawo, bayan an yi masa barka da sauka an ji labarin teku, a tambaye shi yara nawa ya kai jarrabawa, nawa suka ci, da abin da ya gano wanda zai amfani makarantar unguwa. Tsofaffin ɗaliban baƙin nan na farkon mulkin kai sun nuna cewa bayan shekara sittin da irin waɗannan abubuwa ake tuna malami. Wata rana a Basse ko Pemba wani dattijo zai zauna yana ba jikokinsa labarin malamin da ya zo musu daga wani gari wai shi Gombe. Allah Ya sa labarin ya zama na alheri, amin.